Charles Dalziel, Malamin da Ya Auna Wutar da Ke Kashe Mutum

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashen lantarki da na gine-gine da za su fita SIWES, akwai wani Ba'amurke da nake ganin ya kamata mu san shi kafin mu taka wurin gini, ko a nan Ƙaura ne, ko Shinkafi ko Zurmi. Sunansa Charles Dalziel. An haife shi a 1904, ya kammala karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1927, daga baya ya dawo yana koyar da injiniyancin lantarki a can har ya yi ritaya.

Kowa ya san wuta tana kisa. Abin da ya dami Dalziel shi ne: nawa ce ke kisan? Sai ya tara masu sa kai, maza 134 da mata 28. Mutum zai riƙe wayar jan ƙarfe a hannu, a riƙa ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan har yatsunsa su ƙanƙame, ya so ya saki ya kasa. A ganina yau da wuya wata jami'a ta yarda da irin wannan gwaji, amma dai da alƙaluman da ya fitar ake aiki har gobe. Ya gano cewa, a matsakaici, namiji yana kasa sakin waya a wajen miliamfiya 16, mace kuwa a wajen 10.5. Na bugun zuciya ba ya gwaduwa a kan mutum, don haka ya dogara da gwajin da aka yi kan dabbobi, ya fitar da lissafin da ke nuna cewa daɗewar wuta a jiki na ƙara haɗarin zuciya ta rikice.

To, mu kawo lissafin gida. Ƙwan fitila mai wat 60 a kan wutarmu ta bolt 230 yana jan kusan miliamfiya 260, wato ninki goma sha shida na abin da ke ƙanƙame hannun ƙato. Lebura mai gumi, ba takalmi, tsaye a kan jiƙaƙƙen siminti, jikinsa zai iya wuce da sama da miliamfiya 200. Fiyus ɗin filogi mai amfiya 13 fa? Miliamfiya 13,000 ke nan, ko gezau ba zai yi ba. An yi shi ne don kada waya ta ƙone, ba don ran mai riƙe da ita ba.

Wannan giɓin Dalziel ya toshe a 1961 da na'urar da Amurkawa ke kira GFCI. Tana kwatanta wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. In aka samu bambancin wajen miliamfiya 5, to wuta ta bi wata hanya zuwa ƙasa, wataƙila ta jikin mutum, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Ba shi ya fara tunanin ba. Henri Rubin ya yi irinta a Afirka ta Kudu a shekarun 1950 saboda ma'adinan zinariya. Ta Dalziel dai ta fi saurin jin ɗigar wuta, kuma yau dokar aiki a Amurka ta sa ta cikin hanyoyin kare ma'aikatan gini. Ya rasu a 1986.

Wadda za ka samu a shagunanmu ita ce RCD mai miliamfiya 30. Amma ka leƙa gini da damina ka ga abin da ake yi: waya daga janareta an haɗa ta da leda tana kwance cikin ruwa, an cusa tsirarar waya a soket an danne da tsinken ashana, mai walda da famfon ruwa duk a layi ɗaya. Wallahi ba tsadar na'urar ba ce, sabo ne. Sai dai ka sani, in ka kama wayoyin biyu lokaci guda ba lallai ta ji ka ba, kuma a kan janareta sai an haɗa wayar ƙasa daidai za ta yi aiki. Akwai maɓallin gwaji a jikinta. In ka danna wuta ba ta ɗauke ba, ka gaya wa oga kafin a jona komai.