James Naismith, Bawan Allah da Ya Ƙirƙiro Ƙwallon Kwando

Cikin yaran da ke jefa ƙwallon kwando a filayen makarantu da na majami'u a Abuja, kaɗan ne suka san cewa wasan ya fito daga hannun wani masanin tauhidi. Sunansa James Naismith, an haife shi a Almonte ta ƙasar Kanada a 1861. A 1870 zazzaɓin taifod ya ɗauke iyayensa duka biyu, daga baya kawunsa ya riƙe shi.

Ya gama karatun tauhidi a Montreal a 1890, amma bai karɓi ikilisiya ba, gama ya gaskata zai fi jawo samari ga Ubangiji ta wurin wasanni. Ya tafi makarantar YMCA ta Springfield a Amurka. A Disamba 1891 sanyi ya hana ɗalibai fita, suka gundura, sai aka umarce shi ya nemo wasan cikin ɗaki wanda ba za a ji wa kowa rauni ba.

Nan ya tuna wasansu na ƙuruciya, inda ake jifan dutsen da aka ɗora bisa wani babban dutse. Mai wurgi da ƙarfi, dutsensa yakan yi nisa, a kama shi kafin ya ɗauko. Mai cillawa sama a lanƙwashe shi ya fi dacewa. Saboda haka ya kafa kwanduna biyu, ƙafa 10 daga ƙasa, inda ƙarfin tuwo ba shi da amfani. Abin da mai horarwa yake koya wa yaro yau, wato ya ɗan durƙusa, gwiwar hannu ta tsaya ƙarƙashin ƙwallo, ya sake ta da kan yatsu, wuyan hannu ya bi bayanta, duk domin wannan lanƙwasa ne. Tsayin kuwa bai canza ba. A kansa matan Nijeriya suka ci kofin Afirka a Abuja a 2005.

Naismith ya zama likita a 1898, ya kuma horar da 'yan wasan Jami'ar Kansas, inda, abin dariya, aka cinye shi fiye da yadda ya ci. Bai damu ba, gama halin samarin ne a gabansa. An naɗa shi fasto a 1916. A 1936 ya ga wasansa a gasar Olamfik ta Berlin, shi ya miƙa lambobin yabo. Ya rasu ran 28 ga Nuwamba, 1939.