Virginia Apgar: Likitar da ta ƙirƙiro awon jariri a mintin farko

A ɗakin haihuwa na asibitin Dambatta ko Bichi, da zarar jariri ya faɗo, ungozoma kan duba abubuwa biyar: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, motsi idan an taɓa shi, da launin jiki. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 10. Virginia Apgar ce ta ƙirƙiro wannan awo.

An haife ta a jihar New Jersey ta Amurka a 1909. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Columbia a 1933, ta ƙware wajen sa barci lokacin tiyata. A zamanin, hankali kan koma kan mai jego, har a makara wajen ceto jaririn da bai yi kuka ba. A 1953 ta wallafa awon, bayan gwada shi kan jarirai sama da 1,000.

Ta ba da shawarar kada wanda ya karɓi haihuwa ya ba da makin, domin yakan yi sassauci. Awon yana nuna jaririn da ke bukatar agajin gaggawa ne, ba ya faɗin yadda zai girma. Ta rasu a 1974.