Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Ɗan Kagara da Jaridar Kwabo Ɗaya

A watan Janairu na shekarar 1939 wata sabuwar haja ta shigo kasuwannin ƙasar Arewa, wadda ba a auna ta da mudu, ba a kuma kasa ta a faifai. Takarda ce 'yar shafuka kaɗan da aka shirya a Zariya cikin Hausar boko, kuɗinta kwabo ɗaya, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda aka ɗora wa nauyin shirya Hausarta wani malamin makaranta ne da bai cika shekara talatin da haihuwa ba, kuma a garinmu Kagara aka yanke masa cibiya. Shi ne Malam Abubakar Imam, wanda muka keɓe wa wannan fili a fitowar bana.

Kafin mu shiga tarihinsa, ya kamata mu tsaya kan kwabon nan, domin 'ya'yanmu da aka haifa a Kaduna da Abuja da Legas ba su san shi ba sai a baki. Kwabon wancan zamani kuɗin Turawa ne mai huji a tsakiya, har mutane kan zura shi a zare su ɗaura a ƙugu. Kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin ke yin fam. Kwabo uku shi ne taro, shida kuma sisi. A ƙarƙashin kwabo akwai dari, wato rabinsa, sannan akwai anini, wanda sai an tara goma ake samun kwabo guda. Da anini ake cinikin yau da kullum na ƙosai da gyaɗa da ɓarin goro, don haka kwabo cikakke kuɗi ne da magidanci zai juya a hannu kafin ya rabu da shi. Duk da haka bai fi ƙarfin talaka ba. Tsofaffin wancan lokaci ma da wuri suka buɗe ido suna ciniki, kuɗin ƙarfe a gabansu ya zo. Haka aka ci gaba da lissafi da fam da sule har ranar 1 ga Janairu 1973, da aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu. Masu kafa jaridar sun san nauyin kwabo a aljihun mutane, shi ya sa suka sa shi cikin sunanta.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, garin na ƙarƙashin Lardin Kwantagora a lokacin. A shekarar nan ce hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano, kuma Zungeru da ke maƙwabtaka da mu ita ce hedikwatar Turawan mulki ta Arewa, kafin a mayar da ita Kaduna. Gidansu gidan malanta ne da shari'a. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, kuma a gida yaron ya fara karatun allo. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara ashirin, yana aikin koyarwa a Katsina, can aka tura shi ya yi karatun boko a hannunsa. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932 da takardar shaidar malanta, aka ba shi aji a Makarantar Midil ta Katsina.

Nishaɗin mutane a shekarun nan na dandali ne: tatsuniya da dare, kiɗan kalangu da goge, dambe da kokawa bayan kaka, sai garmaho a gidan wani attajiri ko ma'aikacin gwamnati, yara na leƙe ta taga suna mamakin inda mai waƙar ya ɓuya. Wanda ya koyi boko kuwa ba shi da abin karantawa don jin daɗi, sai littattafan aji. Wannan giɓi ne ya sa Dakta Rupert East, shugaban hukumar fassara da talifi da ke Zariya, ya shirya gasar ƙaga labari a 1933. Littattafai biyar aka buga daga gasar. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Sauran biyun daga gida ɗaya suka fito: Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar. Wato biyu cikin biyar na ƙagaggun labaran farko na Hausar boko 'ya'yan alƙalin Kagara ne suka rubuta su. Wannan magana ce da ya kamata kowane ɗan garin nan ya haddace ta, ya kuma faɗa wa 'ya'yansa.

Ruwan Bagaja ya nuna wa East cewa ya sami mai alƙalamin da yake nema. A 1936 aka ari Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya zauna wata shida yana rubutu, abin da ya haifar da Magana Jari Ce mai littafi uku. Ya ɗebo labaran daga wurare da yawa, daga Dare Dubu da Ɗaya zuwa tatsuniyoyin Turai da na Indiya, amma ya sa musu riga da rawani, ya zuba su a bakin aku, har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta a jikinsu. Wasu manazarta sun yi ta bin diddigin inda kowane labari ya fito. Aikinsu na da amfani, sai dai mu a ganinmu gwanintar tana ga yadda ya mayar da kayan aro na gida, kuma duk wanda ya taɓa zama a aji ana karanta littafin ana shewa ya san haka.

Yanzu sai mu koma ga watan Janairun 1939 mu dubi labaran da ke yawo. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai cika shekara a gadon sarauta ba. Abdullahi Bayero ke sarautar Kano, Muhammadu Dikko na Katsina, Ja'afaru na Zazzau, Gwamnan Nijeriya kuwa Bernard Bourdillon ne. Jirgin sama, wanda ya fara sauka Kano a 1925, ya soma jigilar wasiƙu ta hanyar Sudan tun 1936. An buɗe gidan siliman Rex a Kano a 1937. Rediyo kuwa bai zama abin gida ba tukuna: sai a 1944 aka kafa akwatunan rediyo masu waya a Kano, Sashen Hausa na BBC sai 1957, gidan rediyon Kaduna sai 1962. Saboda haka labari a bakin fatake da direbobi da fasinjojin jirgin ƙasa yake tafiya, kowa ya ƙara masa gishiri. Babbar jita-jitar lokacin ita ce wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila na Jamus don a zauna lafiya. Maganar ta sami gindin zama domin Jamus na neman a mayar mata da ƙasashen da aka ƙwace mata bayan Yaƙin Duniya na Farko, ciki har da Kamaru da ke jikinmu. Kashe irin wannan jita-jita na cikin dalilan da suka sa gwamnati ta kafa jaridar.

Ba za mu ɓoye ba, Gaskiya jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma akwai Bature a saman editan Hausa. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na shekarar, aikinta ya haɗa da ƙarfafa wa mutane gwiwa su goyi bayan Ingila, a daidai lokacin da ake ɗibar samarin Arewa zuwa fagen fama a Habasha, daga baya kuma Bama. Abin da ya ɗaukaka Imam shi ne abin da ya yi da ɗan filin da aka bar masa. Ya buɗe ƙofa ga wasiƙun masu karatu, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e suka sami inda za su kai kuka kan cin hanci da zaluncin masu riƙe da madafun iko da ƙarancin makarantu. Shi kuma ya kan amsa da hikima da zolaya, ya faɗi mai ɗaci ba tare da ya zagi kowa ba. Tafiya ce a kan siraɗi: sarakuna na ganin ya cika tsokana, Turawa na sa masa ido, 'yan zafin kai kuma na ganin ya cika lallami. Shekara goma sha biyu ya yi yana wannan aiki.

Kwabo ɗayan nan kuma ba mutum ɗaya yake yi wa aiki ba. Masu iya karatun boko kaɗan ne, don haka wanda ya saya sai ya zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare suna tanka masa, kwafi guda ya yi ta zagaya unguwa har ya yage. Tunda da kunne za a ji, dole Hausar ta zama mai daɗin faɗa, kuma dole a samo wa baƙin abubuwa suna, daga kayan yaƙi zuwa sha'anin majalisa. Hausar jarida da ta labaran rediyo da muka tashi muna ji, a wannan teburi aka fara sassaƙa ta.

A 1943 aka gayyaci 'yan jarida takwas daga Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila, ana tsakiyar yaƙi, Imam na cikinsu tare da Nnamdi Azikiwe. A can Azikiwe ya gabatar da takardar neman a tsara ba da mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin yana ganin Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe nata rabon. Har yau ana muhawara kan wannan mataki, masu yabo na yi, masu suka na yi. Abin da ba a jayayya a kai shi ne bai yi shiru ba: ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya bayyana masa illolin da suka dabaibaye mulkin En'e da yadda aka mayar da matasa masu ilimi saniyar ware, ya kuma bi da wasiƙu. Labarin tafiyar ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Sauran rayuwarsa ta hidima ce, za mu taƙaita. An kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, a 1945. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, ya yi wakilci a majalisa a farkon shekarun 1950, amma siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi ba. Ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya riƙe hukumar sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da ya yi kama da wanda ya fara a shafin wasiƙu. Bai ajiye alƙalami ba, ya rubuta littattafan tarihin Musulunci, ya kuma sa hannu a kafa makarantar Islamiyya a Zariya.

Katsinawa na cewa nasu ne, Zazzagawa ma haka, kuma kowannensu na da hujja: Katsina ta ba shi ilimi, Zariya ta ba shi aiki da mazauni. Mu da muke da mahaifa, rabonmu shi ne mu tambayi kanmu gida nawa cikin gidajenmu na birni ke da kwafin Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, kuma yara nawa cikin 'ya'yanmu za su iya karanta shafi guda na Magana Jari Ce ba tare da in-ina ba. Jaridar da ya rena ta yi fiye da shekara saba'in tana fitowa kafin ta tsaya, amma littattafan na nan a kasuwa. Allah ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da ya fara rubutawa da hannunsa, Alhaji Abdurrahman Mora ya kammala shirya shi, aka buga a Zariya a 1989. Allah ya jiƙansa da rahama.