Raphael Lemkin

Raphael Lemkin (24 ga Yuni, 1900 – 28 ga Agusta, 1959) lauya ne Bayahude ɗan ƙasar Poland. Shi ne ya ƙirƙiro kalmar genocide, wato kisan ƙare dangi, kuma ya yi ta fafutuka har laifin ya shiga dokar ƙasa da ƙasa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Bezwodne, wanda yake cikin Belarus a yau. A jami'ar Lwów ya fara da ilimin harsuna, daga baya ya koma fannin shari'a. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shari'ar da aka yi a Berlin a 1921, inda aka gurfanar da Soghomon Tehlirian bisa harbe Talat Pasha, jigon kisan Armeniyawa a Daular Usmaniyya. Lemkin ya lura cewa ana iya tuhumar wanda ya kashe mutum ɗaya, amma babu dokar duniya da ta hau kan wanda ya shirya halaka al'umma guda, don ana ɗaukar abin harkar cikin gida.

Gudun hijira da sabuwar kalma

Da Jamus ta mamaye Poland a 1939 ya tsere, ya bi ta Suwidin, ya isa Amurka a 1941. 'Yan Nazi sun kashe danginsa 49, har da iyayensa.

A littafinsa na 1944, Axis Rule in Occupied Europe, kalmar ta fara fitowa. Ya haɗa genos na Girkanci, ma'ana ƙabila ko jinsi, da cide na Latin, ma'ana kisa. A nan karatun harshe ya yi masa rana. A wurinsa laifin bai tsaya ga zubar da jini ba, ya haɗa da rusa harshe, addini da al'adun mutane.

Yarjejeniyar 1948

Ya riƙa bin jakadu ɗaya bayan ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi a ranar 9 ga Disamba, 1948. Ta fara aiki a 1951, sai dai an cire batun rusa al'adu, abin da ya yi masa ciwo.

Ya rasu a New York cikin talauci, mutane ƙalilan ne suka halarci jana'izarsa. Sai a 1998 wata kotun duniya ta fara samun wani da wannan laifi, wato Jean-Paul Akayesu, kan kisan Tutsi a Ruwanda.