Abebe Bikila: Sojan da Tuddan Habasha Suka Horar

Duk inda aka ambaci sunan Abebe Bikila, abu ɗaya mutane ke tunawa, wato mutumin da ya yi gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ba takalmi a ƙafarsa, kuma ya zo na ɗaya. Gaskiya ne, haka aka yi a birnin Rum a 1960. Sai dai yadda ake ba da labarin a majalisa kan sa mutum ya ɗauka kamar daga wajen kiwo aka tsinto shi, aka sa a jirgi, ya sauka ya tsere wa duniya. Ina cikin 'yan tsirarun ɗaliban da ke fita atisayen gudun dogon zango a wannan kwaleji tamu, kuma a cikinmu akwai masu burin shiga tseren hawan tudu. Shi ya sa abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne shekarun da ya kwashe yana hawa da gangara a tuddan ƙasarsu tun babu wanda ya san sunansa.

An haife shi ranar 7 ga Agusta, 1932, a ƙauyen Jato da ke yankin Shewa, cikin tsaunukan tsakiyar Habasha. Mahaifinsa makiyayi ne, shi ma da kiwon ya tashi. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka afka wa ƙasar, ba a fitar da su ba sai 1941. Ku riƙe wannan a zuciya, don za mu sake haɗuwa da Italiya a gaba. Da ƙuruciya ya ƙware a wani wasan gargajiyarsu da ake kira gena, wanda ake bugun ƙwallo da lanƙwasassun sanduna a fili mai faɗin gaske, ana ta bin ta da gudu. Wajen 1952 ya tafi Adis Ababa ya shiga rundunar da ke tsaron Sarki Haile Selassie.

A shekarun nan na soja ne aka gina ƙafar da ta ci Rum. Masu tarihinsa sun ce a tsakiyar shekarun 1950 kullum yakan yi gudun kimanin kilomita 20 tsakanin tuddan Sululta da Adis Ababa. Wanda bai san ƙasar ba zai ji kamar ba wani abu ba ne. To Adis Ababa kanta tana kan tudun da ya haura mita 2,300 daga bakin teku, kuma tsakaninta da Sululta akwai tsaunin Entoto da ya wuce mita 3,000. Mu nan Birnin Kebbi ko mita 300 ba mu kai ba. 'Yan sashen kimiyya sun fi ni iya bayani, amma a taƙaice, idan mutum ya yi sama haka, duk numfashin da ya ja iskar oksijin da ke shiga jininsa ba ta kai wadda zai samu a ƙasa ba. Idan ya daɗe a wurin, jiki kan rama ta hanyar ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iskar. Ranar da irin wannan mutum ya sauko bakin teku ya yi tsere, numfashi ya zame masa ganima.

Bayan iska, akwai aikin da tudun kansa yake yi wa ƙafa. Hawa yana ƙarfafa sha-raɓa da cinya, yana tilasta wa mai gudu ya gajarta takunsa, ya yi aiki da hannu, ya koyi raba ƙarfinsa. Gangara kuwa ita ce mai yaudara. Numfashi na hutawa, sai mutum ya saki jiki, alhali gaban cinya ne ke aikin birki a kowane taku. Duk wanda ya taɓa gangaro tudu da gudu ba tare da sabo ba ya san yadda tsugunno ke gagararsa bayan kwana biyu. Abebe duka biyun yake yi, a kan hanya mai tsakuwa da kwazazzabai, shekara da shekaru.

Sai kuma Allah ya haɗa shi da malami. Onni Niskanen, wanda aka haifa a Finlan ya girma a Suwidin, gwamnatin Habasha ta ɗauke shi aikin horar da sojoji, shi ne ya lura da wannan siririn soja marar yawan magana. Abin da ya ƙara masa shi ne tsari. Wata rana dogon gudu a daji ko a titi, wata rana gajeren zango da sauri a maimaita sau da yawa, sannan agogo a hannu ana rubuta lokaci. A 1956 Abebe ya zo na biyu bayan Wami Biratu a gasar sojojin ƙasar. Bai fara cin gudun fanfalaki ba sai a watan Yuli na 1960, yana gab da cika shekara 28. Bayan wata ɗaya ya sake ci a Adis Ababa cikin awa 2 da minti 21 da daƙiƙa 23, lokacin da ya fi wanda Emil Zatopek ya kafa a Olamfik ta 1952, kuma a saman tudu. Wato shekara takwas ke nan tsakanin shigarsa soja da ranar da aka ce ya isa ya wakilci ƙasa. Mu kuwa, sai an kafe sanarwar gasar kwalejojin kimiyya da fasaha, saura mako uku, sannan za ka ga jama'a sun cika fili da asuba, kowa da sabon kambas. Hausawa dai sun riga sun gama magana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun takalmin ma yana da sauƙin fahimta. Da suka isa Rum ya samu sababbin takalma, ya gwada, suka ci masa ƙafa har ta yi bororo. Tunda a gida ya saba gudu ba takalmi, tafin ƙafarsa ya riga ya yi kanta, sai ya zaɓi abin da ya sani. Duk mai horar da 'yan gudu a yau zai gaya maka kada ka sa sabon takalmi ranar tsere, kada ka ci abincin da cikinka bai sani ba. Dokar ke nan Abebe ya bi. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya cire takalminsa ya hau kwaltar Argungu a watan Afirilu, ƙafarsa ba ta Abebe ba ce.

Wani abin da suka yi shi da Niskanen, wanda ni a wurina ya fi labarin takalmin daraja, shi ne bin hanyar tseren tun kafin ranar, suna duba inda ta hau da inda ta sauka. Kusa da ƙarshenta, saura abin da bai kai kilomita biyu ba, suka tarar da doguwar hasumiyar dutse ta Aksum, wadda Italiyawa suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum. A daidai nan hanyar ta ɗan yi tudu. Suka yanke cewa nan ne zai ƙara wuta. Mutumin da ya saba da Entoto, wannan ɗan hawan ai wasa ne a wurinsa, amma ga wanda ya riga ya yi kilomita 40 kuma bai san da shi ba, yana iya karya masa gwiwa.

Ranar 10 ga Satumba aka tashi da yamma liƙis don gudun zafi, aka ƙarasa cikin dare. A tsohuwar hanyar Appia, mai shimfiɗar duwatsu tun zamanin daular Rum, sojoji ne suka jeru riƙe da sanduna masu ci da wuta suna haska wa 'yan tsere. Tun wajen tsakiyar tafiya aka bar mutum biyu a gaba, Abebe mai lamba 11 da Rhadi Ben Abdesselam na Maroko, kafaɗa da kafaɗa. Haka suka yi ta tafiya har suka iso hasumiyar, daga nan Abebe ya fara ba shi rata. Ya shiga da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, Rhadi na bayansa da daƙiƙa 25. Ya karya tarihin duniya na Sergei Popov da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinare a Olamfik, a babban birnin ƙasar da ta mamaye tasu shekara 25 kafin nan.

Na zauna na yi lissafin wannan lokaci don mu gane abin da ake magana. Tsawon tseren kilomita 42 ne da mita 195. Idan a filin wasa ne mai zagayen mita 400, sai ka zagaya sau 105 da rabi, kowane zagaye cikin daƙiƙa 77. Wanda yake ganin wasa ne ya je filin Haliru Abdu ya gwada zagaye biyu kawai a wannan saurin, sai mu yi magana.

To mu da ba mu da Entoto fa? Ni ɗan Zauro ne, kuma kowa ya san fadamarmu shimfiɗe take kamar faifai, shinkafa har iyakar ganinka. Iskar tsauni dai ba mu da ita, kuma babu dabarar da za ta kawo mana ita. Amma ƙarfin ƙafa ana iya nemansa a nan. Akwai tuddan Dukku masu jar marmara, ba su da tsawo, amma idan ka hau da gudu ka gangaro a hankali sau takwas ko goma, cinyarka za ta ba ka labari. Akwai yashin bakin gulbi da rani, akwai matakalar bene. Ranar hutu kuma mutum ya yi dogon gudu a hanyar gona, a saurin da zai iya hira da na kusa da shi, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan daga mako zuwa mako. Mu namu babban abokin gaba zafi ne, shi ya sa bayan sallar asuba ce lokacinmu, da ruwa a hannu. Wanda ke mafarkin irin tseren tsaunin Obudu na Jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005, mai kimanin kilomita 11 kusan duk hawa, ya sani cewa 'yan Habasha da Kenya da suka yi ta cinye shi, da 'yan Filato da ke rufa mana asiri a gida, duk a tudu suke kwana suke tashi. In da hali, a je wurin tun da sauran kwanaki a taka hanyar da ƙafa, kamar yadda aka yi a Rum.

Abebe ya koma gida aka yi masa tarba ta gani da faɗa, sarki ya ƙara masa girma zuwa kofur. Cikin watan Disamba na shekarar, shugabannin rundunarsu suka yi yunƙurin kifar da sarki yana ziyara a Barazil. Abin bai yi nasara ba, an tsare Abebe na ɗan lokaci, da aka ga babu hannunsa aka sake shi. A 1961 ya ci tsere a Atina da Osaka da Kosice. A 1963 ya zo na biyar a Boston, garin da aka san tserensa da tuddai da sanyi, don haka shi ma an taɓa wuce shi.

Tokiyo ce ta rufe bakin masu cewa Rum sa'a ce. Saura kwana 40 a yi tseren Olamfik na 1964 ciwon afendis ya kayar da shi, aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba. Ranar 21 ga Oktoba ya shiga tsere, wannan karon da takalmi, ya gama cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, sabon tarihin duniya. Basil Heatley na Burtaniya da ya zo na biyu sai bayan fiye da minti huɗu ya iso. Kafin nan Abebe ya koma gefe yana miƙa jiki yana motsa ƙafafu a kan ciyawa, 'yan kallo na ta mamaki. Shi ne mutum na farko da ya ci wannan tsere sau biyu a Olamfik. Ni a ganina, mako biyar bayan wuƙar likita babu atisayen da zai yi ya samar da wannan. Ajiyar shekara goma sha biyu ce ya ɗebo.

Daga nan jiki ya fara ƙi. A Meziko a 1968, garin da tsawonsa daga teku ya yi kusan daidai da Adis Ababa, kowa ya ɗauka nasa ne, amma ya shiga da tsagewar ƙashi a ƙwauri, ya fita bayan wajen kilomita 16. Abokinsa Mamo Wolde ya ci, zinaren ya koma Habasha karo na uku a jere. An ba Abebe muƙamin kyaftin.

A watan Maris na 1969 motarsa ƙirar Volkswagen ta kife da shi da dare. Lakarsa ta taɓu. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila ya yi wata takwas, hannuwansa suka dawo aiki, ƙafafun kuwa ba su sake takawa ba. Yana kan keken guragu ya koyi harbin kibiya da ƙwallon tebur, ya shiga gasar naƙasassu ta asibitin a 1970. A 1972 aka gayyace shi Olamfik ta Munich a matsayin babban baƙo, filin ya miƙe tsaye yana tafa masa.

Ya rasu a Adis Ababa ranar 25 ga Oktoba, 1973, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa mai nasaba da haɗarin, yana da shekara 41. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu. An yi masa jana'izar soja, dubban mutane suka halarta har da Sarki Haile Selassie, aka binne shi a makabartar cocin Yusufu mai tsarki da ke birnin. Hasumiyar Aksum kuwa sai a 2005 Italiya ta mayar wa Habasha da ita, a yanka uku, cikin jirgin sama.