Zakin Rasha: Yaron Masana'anta da Ya Kai Shekara 90 Yana Motsa Jiki

'Yan uwana ɗalibai, bari in fara da tona wa kaina asiri. Lokacin da na yi watanni huɗu na SIWES a wata masana'antar jimar fata da ke Challawa, ina ganiyar ɗaga ƙarfe. Kullum bayan magariba ina gidan ƙarfen unguwarmu, inda duk kayan aikin ba su wuce sanduna biyu da gwangwanayen fenti cike da siminti ba. Ƙirji ya buɗe, riga ta fara matse ni, ina tafiya hannuwa a ware kamar mai ƙurji a hammata. Wata Talata aka kawo motar gishiri, 'yan dako ba su cika ba, sai na ce bari in nuna musu aiki. Buhun kilo 50 ne, abin da nake ɗagawa a kwance kuwa ya fi haka. Ban kai buhu goma sha biyu ba numfashi ya ƙare, yatsu suka ƙi kamawa, ƙugu ya riƙe. Wani dattijo siriri, wanda ya isa ya haifi babana, ya ce in koma inuwa in zauna. Shi ya ci gaba da sauke kaya har aka kira azahar. Ni kuwa kwana biyar ina sallah a zaune.

Da muka dawo makaranta na ba da labarin a majalisarmu, sai gardama ta ɓarke. Wasu suka ce laifin sandar ƙarfe ne, wai ƙarfin hoto kawai take bayarwa, gara wancan dunƙulen ƙarfe mai mariƙi da suke gani a YouTube, wanda Turawa ke kira ketilbel. Wasu suka ce wannan wasan yara ne. Neman wanda zai raba mana gardama ne ya kai ni ga tarihin wani mutum da ya yi aiki da duka biyun, wanda kuma shi ma a masana'anta ya fara, kamar yawancinmu.

Sunansa George Hackenschmidt, amma duniya ta fi saninsa da Zakin Rasha, abokai kuma suna ce masa Hack. An haife shi a 1877 a garin Dorpat, wanda yau ake kira Tartu, a ƙasar Istoniya. A lokacin Istoniya tana ƙarƙashin sarkin Rasha, daga nan laƙabin ya samo asali. Tun yana yaro yana iyo, yana tseren keke, yana tsalle-tsalle. A 1895 ya bar makaranta ya shiga wata babbar masana'antar ƙere-ƙere a Reval, wato Tallinn ta yanzu, yana koyon aikin ƙira. Da rana yana bakin wuta da guduma, da yamma yana kulob ɗin 'yan kokawa da masu ɗaga ƙarfe. Duk wanda ya taɓa tashi daga aiki a Sharada ko Bompai jiki duk baƙin mai, ya san ba ƙaramin mutum ne ke da sauran kuzarin zuwa atisaye ba.

Ƙarshen 1897 ya ji ɗan rauni a hannu a wurin aiki, ya je ganin likita. Ta wannan hanya ya haɗu da Dakta Vladislav Kraevsky, wani likitan birnin St. Petersburg, wanda ya duba jikin yaron ya gayyace shi ya koma gidansa da zama. Wannan likita shi Rashawa ke ɗauka uban wasan ɗaga nauyi a ƙasarsu. Ranar 10 ga Agusta 1885 ya buɗe ƙungiyar masu motsa jiki a cikin gidansa, kuma har yau ranar ce ake lissafawa a matsayin mafarin wasan a Rasha. A ɗakin atisayensa akwai dogayen sanduna masu nauyi, akwai kuma wancan dunƙulen ƙarfe, wanda su Rashawa ke kira giriya.

A nan ne abin ya ba ni dariya, domin asalin giriya ba kayan wasa ba ce, dutsen sikeli ce. Da ita ake auna hatsi a kasuwannin Rasha, da wani ma'auni da suke kira fud, wanda ya ɗan haura kilo 16. Manoma da 'yan dako ne suka fara ɗaga ta ranar kasuwa don gwada ƙwanji. Shi ya sa har gobe nauyinta na asali yake 16, 24 da 32, wato fud ɗaya, ɗaya da rabi, da biyu. A sito na masana'antar da na yi aiki akwai wani tsohon sikeli da duwatsunsa na ƙarfe masu mariƙi, kullum ina tsallake su ban san danginta ba ne. Wato abin da abokaina ke ɗauka sabon yayin Turawa, kayan 'yan dako ne tun fil'azal.

Likitan bai zaɓar wa Hack ɗaya ya hana shi ɗaya ba. Hasali ma littafin da ya fitar a 1900 a kan gina ƙarfin jiki ne da giriya da kuma ba tare da ita ba. Abin da ya fi damunsa shi ne tsari: a duba lafiyar mutum kafin ya fara, a ƙara nauyi sannu a hankali, a ci abinci, a yi barci, a nisanci giya da taba. Hack ya riƙe wannan har ƙarshen rayuwarsa, ba ya sha, ba ya busawa, madara ce abin shansa. Likitan ya rasu a 1901, bai ga inda yaronsa ya kai ba.

Ya kai nesa kuwa. Tun a 1898 ya kayar da Paul Pons, shahararren ɗan kokawar Faransa, a 1900 kuma ya mayar da kokawa sana'a. Daga baya ya koma Ingila, inda ranar 30 ga Janairu 1904, a zauren Olympia na Landan, ya kara da Ahmed Madrali, wani ƙato da ake wa kirari da Baturke mai ban tsoro. Ba a yi minti biyu ba ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa, hannun Madrali ya goce. Ranar 4 ga Mayu 1905 ya kayar da Tom Jenkins, zakaran Amurka, a Madison Square Garden da ke New York, aka amince shi ne zakaran duniya. Kuma ba wani zabgegen mutum ba ne, tsayinsa wajen santimita 175 ne kawai. Abin da ya bambanta shi da sauran ƙarti shi ne ƙarfi ya haɗu da sauri.

To, mene ne kowane ƙarfe ke bayarwa? Mu 'yan kanikanci ba sai an wahalar da mu ba. Sanda nauyinta a daidaice yake hagu da dama, kuma ana iya ƙara mata faifai kaɗan-kaɗan har ta wuce kilo ɗari biyu. Don haka in ana maganar tsantsar ƙarfi, wato mafi nauyin abin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya, babu kamarta. Giriya kuwa cibiyar nauyinta tana ƙasan mariƙi, nesa da tafin hannu, kullum tana neman ƙwacewa. In ka lilo da ita tsakanin ƙafafu ka cilla ta gaba, ƙugu ne ke aikin, da bayan cinya, da gadon baya, da yatsu, zuciya kuma tana bugawa kamar kana gudu. A gasar giriya minti goma ake ba mutum a ƙirga sau nawa ya ɗaga, a gasar sanda kuwa ɗagawa ɗaya mafi nauyi ake nema. A 2012 wasu masu bincike a Kalifoniya sun raba samari gida biyu na mako shida, wasu da sanda, wasu da giriya mai kilo 16. Duka sun ƙaru, tsallensu ma ya ƙaru, amma masu sanda sun fi samun tsantsar ƙarfi. Ni dai a nawa ganin, wanda burinsa lafiya ne da juriyar aiki, ga ɗaki ƙarami ga aljihun ɗalibi, giriya ɗaya ta ishe shi farawa. Wanda ke son ƙarfi na gaske, dole wata rana ya je ga sanda. Abin da ya kayar da ni a Challawa kuwa, ƙirji na gina na manta da ƙugu da numfashi, su ne kuma buhu ke tambaya.

Shi ma Zakin ranarsa ta zo. Ranar 3 ga Afrilu 1908 a Chicago ya haɗu da Frank Gotch, ɗan manoma daga jihar Iowa. Gotch bai yarda sun haɗa ƙirji ba, ya yi ta jan wasan yana gajiyar da shi, har aka shafe awa biyu, Hack ya sallama. Daga baya ya yi ƙorafin cewa abokin karawarsa ya shafe jiki da mai, magoya bayan Gotch kuma suka ce bai shirya ba ne kawai. Ni abin da na gani a ciki shi ne, mutumin da ya fi kowa ƙarfi a zamaninsa numfashi ne ya fara cin amanarsa. Wannan ya ɗan sanyaya mini zuciya game da buhunan gishiri, ba zan ɓoye ba.

An sake haɗa su ranar 4 ga Satumba 1911 a filin Comiskey Park, gaban mutane kusan 30,000. Ana saura 'yan kwanaki ya ji ciwo a gwiwa wurin atisaye. An sayar da tikiti, an zuba kuɗi, sai ya ɗaure ƙafar ya shiga a haka. Gotch ya kayar da shi sau biyu cikin ƙasa da rabin awa. Daga nan bai ƙara kokawar gasa ba, yana da shekara 34. Duk lokacin da na ga wani a gidan ƙarfe ya ɗaure gwiwa da tsumma yana cewa a ƙara masa faifai don 'yan kallo, wannan ranar nake tunawa.

Sauran rayuwarsa, wadda ta fi ta kokawar tsawo nesa ba kusa ba, a rubutu da karatu ya yi ta. Tun 1908 ya fitar da littafinsa The Way to Live a kan motsa jiki da lafiya, wanda har yanzu ana sake buga shi, daga baya ya koma rubuta littattafan falsafa. Yana jin harsuna da dama. Tsugunnon nan da ake riƙe sanda ta bayan ƙafafu, har yau da sunan Hack ake kiransa a gidajen ƙarfe na duniya. Percy Cerutty, kocin Ostireliya da ya sa 'yan gudunsa ɗaga ƙarfe, yana cikin masu girmama koyarwarsa, kuma ɗalibinsa Herb Elliott ne ya ci zinaren mita 1500 a gasar Olamfik ta Rum a 1960. Shi kansa tsohon bai daina motsa jiki ba, yana da shekara tamanin da ɗoriya yana tsallake bayan kujera. Ya rasu a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1968, yana da shekara 90.

Ni kuwa da zangon karatun nan ya fara, na je wurin 'yan gwangwan a Sharada na sayi wani dunƙulen ƙarfe, wani abokina ɗan ajinmu ya lanƙwasa rodi ya yi masa walda a matsayin mariƙi. Mun ɗora a sikelin mai sayar da gas, ya ba da kilo 14 da rabi, bai kai fud ɗaya ba. Ranar farko lilo ashirin na yi na ajiye ina haki. Yanzu ina yin ɗari kafin wankan safe, ranar Asabar kuma in leƙa wurin sanda, ba tare da na ce a ƙara faifai don wani yana kallo ba. Ƙugun bai sake riƙewa ba. Baban nan na Challawa dai har yanzu ban koma na neme shi ba, sai mun gama jarrabawa tukuna.