Lewis Fry Richardson: mutumin da ya yi mako shida yana hasashen yanayin awa shida

Idan ka duba wayarka ka ga an ce gobe da la'asar za a yi ruwa, kada ka ɗauka wani ne ya leƙa sama ya ga hadari. Lissafi ne zalla. Wanda kuma ya fara gwada wannan lissafi da hannunsa, amsar da ya samu ba ta ko kusa da gaskiya ba. Duk da haka bai ɓoye ta ba, littafi ya buga da ita a ciki.

Sunansa Lewis Fry Richardson. An haife shi ran 11 ga Oktoba, 1881, a birnin Newcastle na Ingila, a gidan mabiya ɗariƙar Kirista ta Kweka, waɗanda ba su yarda da yaƙi ba ko kaɗan. Riƙe wannan, zai dawo. Ya gama karatu a Jami'ar Kambirij a 1903, ya yi 'yan ayyuka nan da can, har a 1913 aka ba shi shugabancin wata tashar auna yanayi a Eskdalemuir, ƙasar Sikotilan.

To, ga matsalar da ta hana shi barci. Masana sun riga sun san dokokin da iska da zafi da laima suke bi, sun rubuta su a matsayin lissafin da ke nuna yadda abu ke sauyawa. Sai dai babu mai iya warware su kai tsaye, sun yi sarƙaƙiya da yawa. Richardson ya ce a daina neman cikakkiyar amsa, a nemi wadda ta yi kusa. Misali, tankin ruwan gidanku yana da lita 100, famfo yana zuba lita 5 a minti ɗaya. Bayan minti ɗaya ka san akwai lita 105. Sai ka sake duba ƙarfin famfon, don wataƙila ya ragu, ka ƙara wani mintin. Taku-taku har ka isa inda kake so. Haka ya yi wa sararin sama: ya yanka taswirar Turai gida-gida kamar allon dara, kowane gida wajen kilomita 200, ya kasa iskar sama hawa biyar, sannan ya riƙa lissafa sauyin kowane gida daga bambancinsa da maƙwabtansa.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ya ƙi ɗaukar bindiga, amma bai zauna a gida ba. A 1916 ya tafi Faransa yana tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka jikkata. A can, idan an sami ɗan sarari, sai ya jawo takardunsa. Ya ɗauki ma'aunan yanayin safiyar 20 ga Mayu, 1910, ranar da ta daɗe da wucewa, don ya gwada ko lissafinsa zai faɗi abin da ya faru bayan awa shida a tsakiyar Turai. Aikin ya ci masa kimanin mako shida. Takardun ma sun taɓa ɓacewa a 1917 cikin ruɗanin yaƙi, sai bayan watanni aka tsince su ƙarƙashin tulin gawayi.

Amsar kuwa? Lissafin ya ce matsin iska zai tashi da miliba 145 cikin awa shida. A zahiri da ƙyar ya motsa. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, kamar a tambaye ka kuɗin kati ne ka faɗi kuɗin waya sabuwa. Wani zai yaga takardun ya yi shiru, babu wanda zai sani. Shi kuwa a 1922 ya fitar da littafinsa, Weather Prediction by Numerical Process, da muguwar amsar a ciki. A ganina nan ne girmansa yake, don da ya ɓoye, da babu wanda zai iya bin sawun inda abin ya karkace. Shekaru da yawa bayan rasuwarsa wani masanin yanayi ɗan Ayalan, Peter Lynch, ya maimaita lissafin da kwamfuta. Ya gano hanyar lafiyarta ƙalau. Ma'aunan farko ne ba su daidaita da juna ba, lissafin kuma ya kumbura 'yan ƙananan kurakuransu. Da aka tace su, amsa ta fito daidai da hankali.

A littafin har ya yi mafarkin wani katafaren zaure mai siffar duniya, da mutum 64,000 a ciki, kowa yana lissafin gidansa, wani a tsakiya yana haska fitila ga masu sauri da masu nawa don a tafi tare. Adadin da ya ƙiyasta ke nan kafin lissafi ya iya tsere wa yanayin kansa.

Maganar aƙida ta dawo a 1920, lokacin da aka mayar da hukumar yanayi ta Birtaniya ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama. Ya ajiye aiki. Daga baya da ya ga masu binciken iskar guba suna sha'awar aikinsa kan yadda iska ke watsa abubuwa, ya janye daga wannan fannin ma. Ya koma koyarwa a kwaleji, ya shugabanci wata a garin Paisley daga 1929 zuwa 1940, sauran ƙarfinsa kuma ya zuba shi wajen nazarin musabbabin yaƙe-yaƙe da lissafi.

A 1950 wasu masana a Amurka, ciki har da Jule Charney da John von Neumann, suka yi hasashen yanayi da kwamfutar ENIAC. Hasashen awa 24 ya ci mata kusan awa 24. Charney ya aika wa Richardson sakamakon, dattijon ya mayar da amsa yana taya su murna. Ya rasu ran 30 ga Satumba, 1953, a ƙauyen Kilmun na Sikotilan, saura kwana 11 ya cika shekara 72.